Zauren Tambayoyi: Kundin kalmomin sirri tsakanin waya da kwamfuta

Assalamu alaikum masu karatu. Tun da muka yi maganar a daina maimaita kalmar sirri ɗaya a ko'ina, a koma tara su cikin manhajar da aka gina don haka, saƙonnin da ke shigowa suka karkata wuri guda: to wanda ke da waya kuma yana da kwamfuta fa? Na tsamo biyar, na rage musu tsawo, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shago a wajen Ƙofar Ƙaura, ina POS, ina kuma cike wa mutane fom na intanet da buga takardu. Na sa KeePassXC a laftof ɗin shago, kalmomin sirrina duk suna ciki. Idan ina so su kasance a waya, sai in tura fayil ɗin ta Xender. Matsalar ita ce na canja kalmar banki a waya, laftof bai sani ba, na ƙara wasu a laftof, waya ba ta sani ba. Wani abokina ya ce in sa fayil ɗin a Google Drive. Ni kuma gabana yana faɗuwa: in ɗauki sirrina gaba ɗaya in miƙa wa Google?

Amsa: Ɗan'uwa, abokinka ya ba ka shawara mai kyau. Sa shi a Drive, ma'ajiyar fayil ta Google a intanet.

Fayil ɗin nan da sunansa ke ƙarewa da .kdbx, wato kundin kalmomin sirrinka, a kulle yake tun kafin ya bar laftof ɗinka. Tsarin ya samo asali daga KeePass, wadda wani Bajamushe, Dominik Reichl, ya fitar a 2003, KeePassXC kuma reshe ce da ta ɓullo a 2016. Duk sanda ka adana, manhajar tana cuɗanya abin da ke ciki da tsarin ɓoye rubutu na AES-256 ko ChaCha20, ya koma tarkacen haruffa marasa ma'ana, kuma ba kalmomin sirrin kaɗai ba, har sunayen shafukan da bayanan da ka rubuta a gefe. Kamar ka kulle akwatin ƙarfe ne ka ba direban Daura a tasha: zai ga girmansa, ya san ranar da ka ba shi, amma makullin yana aljihunka. Abin tsoro game da direba shi ne ya makara ko ya yar da akwatin.

Amma akwai sharaɗi, kuma a nan mutanenmu suka fi yin sake. Idan wani ya shiga asusunka na Google ya kwafi fayil ɗin, zai tafi da shi gida ya yi ta gwada kalmomi a na'urarsa dare da rana. Babu bankin da zai toshe shi bayan kuskure uku. Abu biyu ne ke tsakaninsa da kuɗinka. Na farko shi ne Argon2, lissafin da aka sa a sabon tsarin fayil ɗin don kowane gwaji ya ci lokaci da ƙarfin na'ura. Kai daƙiƙa ɗaya za ka jira kafin kundin ya buɗe, shi kuwa mai gwaji biliyan ya shiga uku. Na biyu, wanda ya fi na farkon, shi ne babbar kalmar da kake buɗe kundin da ita. A ƙarshen 2022 kamfanin LastPass, mai manhajar ajiye kalmomin sirri, ya sanar cewa ɓarayi sun kwashe kwafin kundayen masu hulɗa da shi. Kundayen a kulle suke, saboda haka wanda ya zaɓi doguwar kalma mai wuyar cinta ya samu sa'ida, wanda ya sa sunan ɗansa da shekarar haihuwa kuwa sai da ya bi asusunsa ɗaya bayan ɗaya yana canjawa.

Kada ka sa karin magana, kada ka sa aya ko addu'ar da kowa ya haddace, kada ka sa kirarin garinku. Duk abin da aka taɓa rubutawa a intanet yana iya shiga jerin da ɓarayi ke gwadawa. Ka ɗauki kowane littafin Hausa, ka rufe ido ka buɗe shafi ka ɗora yatsa, ka rubuta kalmar da ka taɓa. Ka yi haka sau shida. Za ka samu jerin da bai da kai bai da gindi, irin su tukunya, jirgi, lalle da makamantansu, kuma rashin ma'anar shi ne ƙarfinsa. Ka guji haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a cikin wannan kalmar. Allon rubutun wayarka yana da su, amma ranar da ka zauna gaban wata kwamfuta da ba ta da su, za ka tsaya kana kallon kundinka ba halin shiga.

Yanzu aikin kansa. A laftof ka sauke manhajar Drive ta kwamfuta, wadda ke sa ma'ajiyarka ta bayyana kamar folda a cikin na'urar. Ka buɗe folda guda, ka mayar da fayil ɗin can, ka kuma zaɓi ya kasance yana nan ko babu intanet. Daga ranar, daga can kaɗai KeePassXC za ta riƙa buɗe shi. Tsofaffin kwafin da ke warwatse a laftof da waya da foldar Xender, bayan ka haɗe abin da ke cikinsu kamar yadda zan yi wa Malama bayani a ƙasa, ka share su. Yawancin rikicin da ake kawo mini daga nan yake tasowa: mutum yana da kwafi huɗu masu suna ɗaya, bai san wanda manhajar ke buɗewa ba.

A waya kuwa, ga mai Android da ke son Drive ko Dropbox, na fi karkata ga Keepass2Android, saboda ita da kanta take magana da ma'ajiyar. Tana ajiye kwafi a waya don lokacin da babu sabis, kuma kafin ta adana sai ta duba ko an taɓa fayil ɗin daga wani wuri, idan an taɓa ta tambaye ka ko ta haɗa su. KeePassDX ma mai kyau ce, tana ma burge ni da yake ba ta neman izinin shiga intanet kwata-kwata, sai dai hakan yana nufin ta dogara ga wata manhajar ta kai fayil ta kawo, kuma a nan ake samun tangarɗa. Masu iPhone suna da KeePassium da Strongbox. Batun data kada ya dame ka. Kundi mai ɗauke da asusu ɗari biyu bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, in dai ba ka cusa masa hotunan takardu ba, Google kuma gigabayit 15 yake bayarwa kyauta.

Idan kana son ƙarin kariya, KeePassXC tana iya ƙirƙira maka ƙaramin fayil na makulli, wanda sai an haɗa shi da babbar kalma kundin zai buɗe. Shi ba ya shiga Drive ko kaɗan, da kebul za ka sa shi a kowace na'ura. Wanda ya sace kundin daga intanet bai samu komai ba ke nan. Amma in ya ɓace maka, kai ma ba ka samu komai ba, don haka sai ka tanadi kwafinsa a filash. Wasu suna zaɓar hoton ɗansu ya zama makulli. Kada ka yi. WhatsApp yana matse hoto, manhajar hotuna tana iya taɓa shi, kuma ko ɗigo ɗaya ya canja a cikinsa, kundin ba zai ƙara gane shi ba.

Abu na ƙarshe da ba ka tambaya ba. Mai shago irin naka yana riƙe da kalmomin shiga na mutane, ɗalibai da 'yan fansho da masu neman aiki, kuma yaron shago yana hawa laftof ɗin. Ka raba kundi biyu, na shago daban da kalmarsa, naka na banki da imel daban. Na mutanen nan amana ce, bai kamata ya zauna a buɗe kana masallaci ba. Ka saita manhajar ta kulle kanta bayan 'yan mintoci.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Daura. Ƙanena ya haɗa mini kundin a Dropbox, yana aiki lafiya, sai rannan na ga fayil ya zama biyu, ɗaya an rubuta masa conflicted copy da kwanan wata. Wanne zan goge?

Amsa: Malama, kada ki goge ko ɗaya tukuna.

Abin da ya faru shi ne kin yi gyara a wuri biyu kafin ɗayan ya ji labarin ɗayan. Wataƙila kin bar kundin a buɗe a kwamfuta, aka ɗauke wuta ko data ta ƙare, kika canja wani abu a waya a makaranta, da kika dawo gida kuma kika adana wani abu a kwamfutar. Dropbox ba ya ganin cikin fayil ɗin, don haka ba shi da hanyar sanin cewa a nan kalmar imel kika canja, a can kuma ta banki. Abin da ya gani kawai fayil biyu ne da kowanne ke cewa shi ne sabo. Maimakon ya zaɓa miki, sai ya ajiye duka. Gara haka. Wanda ya fi muni shi ne inda sabon ya hau kan tsohon shiru, sai bayan wata guda ki nemi wata kalma ki rasa.

Ki buɗe babban fayil ɗin a KeePassXC, ki shiga jerin umarnin kundi a sama, ki zaɓi Merge, ki nuna mata ɗayan fayil ɗin. Kowane asusu da kika ajiye yana da lambarsa ta musamman da lokacin da aka taɓa shi na ƙarshe. Manhajar za ta bi su ɗaya-ɗaya, ta ɗauki mafi sabunta, tsohon kuma ta tura shi cikin tarihin asusun, inda za ki iya komawa ki gan shi. Ki duba abubuwan da kika san kin canja kwanan nan, ki adana, ki jira alamar Dropbox ta nuna ya gama, sannan ki share kwafin rikicin.

Sai dai ki fara duba agogon kwamfutarki. Yawancin laftof ɗin da muke saye na hannu ne, kuma akwai ƙaramin batiri a cikinsu mai kama da kwabo wanda ke riƙe kwanan wata. In ya mutu, duk sanda caji ya ƙare sai na'urar ta farka tana ganin shekarun baya take. Gyaran da kika yi yau sai ya ɗauki tsohon kwanan wata, wajen haɗawa kuma a ɗauka shi ne tsoho. Masu gyara suna canja batirin nan cikin ɗan lokaci, kuɗinsa ba yawa.

Daga yanzu ki saba da abu biyu: in kin gama a na'ura ɗaya ki rufe kundin, in za ki fara a wata ki ba ta minti ɗaya da intanet ta jawo sabon. Idan kuma wata rana fayil ɗin ya lalace ya ƙi buɗewa, Dropbox yana riƙe tsofaffin kwafi na kwana 30 a asusun kyauta, Drive ma kusan haka yake, sai ki shiga shafinsu ki dawo da na jiya. Ki sani kuma asusun Dropbox na kyauta na'ura uku kaɗai yake yarda a haɗa.

Tambaya: Yallaɓai, ni ɗalibi ne a nan Katsina. An sace mini waya a kasuwa. Kundina yana Drive, na san babbar kalmata, amma kalmar shiga Google ɗin tana cikin kundin, doguwa ce da manhaja ta ƙirƙira, ban haddace ta ba. Lambar tabbatarwa kuma layin da aka sace ake tura wa. Ba ni da kwamfuta.

Amsa: Allah Ya mayar da alheri, ƙanena. Wannan shi ne an gudu ba a tsira ba, kuma cikin duk tambayoyin yau taka ce na fi so kowa ya karanta.

Ka fara da layin. Ka je ofishin kamfanin layinka da lambar NIN ɗinka a yi maka welkom bak, yau ba gobe ba. Wannan zai kashe sim ɗin da ke hannun ɓarawo, wanda ya fi gaggawa, domin da layin ake shiga banki ta lambobin USSD. Ka kira bankinka su toshe kafin nan. Da layin ya dawo, ka bi hanyar Google ta dawo da asusu, a tura maka lamba, ka sa sabuwar kalma. In ka shiga, ka cire wayar da aka sace daga jerin na'urorin asusun, ka buɗe kundin a sabuwar waya, ka canja kalmomin banki da imel da duk wata manhaja da ka bari a buɗe a tsohuwar. Kada ka yi wannan aikin a kwamfutar kafe. Ba ka san abin da aka dasa mata mai naɗar abin da ake bugawa ba.

Sauran masu karatu da wayarsu ke hannunsu: kalmomi biyu ne dole su zauna a waje, ba cikin kundi kaɗai ba, babbar kalma da kalmar ma'ajiyar da kundin ke ciki. Ku haddace su, ku kuma rubuta a takarda. Google yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10, kowace mai lamba 8, waɗanda ke maye gurbin saƙon waya, kowace sau ɗaya. Ku fitar da su ku rubuta a takardar nan. Sannan duk wata ku kwafi kundin a filash ko memori, ku sa wa kwafin kwanan wata. Daidaita fayil tsakanin na'urori ba ajiya ba ce, domin in ka goge abu bisa kuskure a wuri ɗaya, gogewar ma za ta bi ta ko'ina. Filash ɗin kuma kada ya kwana inda laftof yake kwana. Wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a 2021 ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili.

Tambaya: Malam, ni daga Funtuwa nake. Duk wannan wahalar ta mece ce? Ɗana ya ce Bitwarden tana yin komai da kanta.

Amsa: Alhaji, ɗanka bai yi ƙarya ba. Bitwarden, wata manhajar ajiye kalmomin sirri da ta fito a 2016, tana daidaita waya da kwamfuta da kanta, kyauta, ba ruwanka da folda ko kwafin rikici, kuma ita ma a na'urarka ake kulle kundin kafin ya tafi. Wanda ya san ba zai iya kula da fayil ba, ita nake nuna masa, domin kundin da aka watsar bayan mako biyu ba shi da amfani komai ƙarfinsa.

Ni dai na zauna kan fayil saboda yanayinmu. Ku mutanen Funtuwa kun fi ni sanin watannin ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro. Bitwarden tana bari ka karanta abin da ke cikinta ba intanet matuƙar ka riga ka shiga, amma gyara da ƙari suna bukatar sabis, in kuma ta fitar da kai sai ka jira. Fayil kuwa naka ne, kana buɗe shi kana gyara shi kana kai shi wata na'ura da kebul. Akwai ma Syncthing, mai daidaita na'urori kai tsaye ba tare da ma'ajiyar kowa ba, har ta wayifai na gida, amma sai na'urorin biyu suna kunne lokaci guda, kuma saita ta sai mai haƙuri.

Tambaya: Malam, mijina ɗan kasuwa ne, komai nasa yana cikin irin wannan kundin, ni ban san kalmar ba, yaran ma ba su sani ba. Ba fata nake ba, amma rai na hannun Allah. Yaya zan yi masa maganar?

Amsa: Hajiya, tambayarki a kan hanya take. Ki nuna masa wannan shafin. In babbar kalma ta tafi da mai ita, babu kamfani, babu kotu, babu mai gyaran waya da zai buɗe kundin. Kuɗin banki magada za su iya bi ta takardu su karɓa, amma bayanin waye ake bi bashi, waye ke bi, da asusun da ba wanda ya san da shi, duk suna iya salwanta. Google ma ya sanar cewa daga ƙarshen 2023 yana iya share asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba.

Ba sai ya faɗa miki kalmar ba in bai so. Ya rubuta a takarda: babbar kalma, kalmar Google da lambobin ko-ta-kwana, sunan manhajar, da inda filash yake, har da fayil ɗin makulli in yana amfani da shi. Ya sa a ambulan ya manne ya sa hannu a bakinsa, ya ajiye tare da takardun gida da wasiyya, ya sanar da mutum biyu da ya amince da su inda take. Duk ranar da ya canja babbar kalmar, ya yaga tsohuwar takardar ya rubuta sabuwa da kwanan watan ranar a kai.